Jar Riga Cikin Makoki

Deira, Dubai
19 ga Maris, 2012

Yaya Mariya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya haƙuri? Ya ƙafar taki da wannan zafi? Ki gaida mini Baba Elkana, wan marigayi mijina, da matan Zumunta na majami'a, da duk wanda ya zo zaman makoki. Ni jikina lafiya. Sauran kuma sai Allah.

Ki yafe mini yadda na katse waya ranar da kika faɗa mini Meri ta rasu. Ɗakina a jikin kicin yake, bangon kamar kwali, ko tari na yi ana ji. Banɗaki na shiga, na buɗe famfo, na cusa tawul a baki. Shi ya sa na ɗauki biro. Alhaji Ado mai shagon aika kaya zai tashi Kano jibi, ya ce zai ba direban motar Kafanchan.

Shekara huɗu kina riƙe mini 'yata, kina kwana asibiti duk lokacin da sikilar ta tashi, alhali kakanninmu ne kawai suka haɗa uwa. Ba ni da bakin gode miki, ga shi kuma zan ƙara miki wani nauyin. Yaya, kada a binne ta. Ku bar ta a ɗakin ajiyar gawa har in zo. Tana 'yar shekara sha ɗaya na baro ta don in nemo mata kuɗin magani. Hoto ba fuska ba ne. Ina so in ga yadda ta zama, in yi mata kitso da hannuna.

Za ki ce me ya hana ni tahowa gobe. Ban faɗa wa uwar ɗakina ba, kuma ba zan iya ba. Madam Wu 'yar Caina ce, kuma tana tsoron mutuwa irin tsoron da ban taɓa gani ba. Ko al'adarsu ce duka ko tata ce ita kaɗai, ban sani ba. Bara mahaifin wani ma'aikacin shagonsu ya mutu a Pakistan. Ta hana shi taka ƙofar gidan, ko leda ba ta karɓa daga hannunsa, ya yi ta zarya a kan fasfonsa tana aika masa ya jira. Ta ce wanda mutuwa ta shiga gidansa yana yawo da rashin sa'a. Nawa fasfon ma yana hannunta.

Balle yanzu da 'yarta Tingting take shirin jarrabawa. A watan Yuni za ta rubuta ta shiga babbar sakandare a ƙasarsu, kuma sun ce wanda ya faɗi wannan an raba shi da hanyar jami'a ke nan. Turanci ne ke ba ta wuya. Gajerun labarai ne ake ba su, a ƙasa tambayoyi, a zaɓi A ko B ko C ko D. Iyayen Turancin ciniki kawai suka iya, sai ga ni, da na tsaya a aji uku na sakandare, na zama malama. Kullum da la'asar Madam za ta murɗa agogon dafa ƙwai ta ajiye mana, yarinya ta karanta ta amsa kafin ya yi ƙara, sannan mu bi layi layi. Kin san takardun ai, su ne nake aiko wa Meri kwafinsu tana yi tana mayarwa, suna gasa su biyu ba su taɓa ganin juna ba.

Tsakiyar Mayu Madam za ta tafi da ita, ta riga ta yi mini alkawarin hutu da tikiti. Wannan ce hanyar da na tabbata za ta kawo ni gida. Kuma gaskiya, Yaya, a kan Turancin nan yarinyar ba ta da kowa sai ni. In na tafi yanzu faɗuwa za ta yi. Ayi take ce mini, wato inna a yarensu, kuma in ta gaji sai ta kwantar da kai a kafaɗata kamar tawa.

Ki roƙar mini Baba Elkana.

Ƙanwarki,
Rosaline

Kagoro
1 ga Afrilu, 2012

Maman Meri,

Na rubuta sunan nan na tsaya ina kallonsa, na rasa ko in goge. Na bar shi.

Muna gaishe ki, muna lafiya. Ƙafa da sauƙi. An yi ruwan farko shekaranjiya amma bai jiƙa ƙasa ba.

Wasiƙarki ta iso, sai dai ta zo a mummunan lokaci. Direban ya kawo ta jama'a na zaune a rumfa, ya ɗaga murya ya ce saƙo daga Dubai. Kin san yadda muke yi da wasiƙar ta'aziyya, a tsaye ake karanta ta kowa ya ji. Ban ko yage ambulan ba Baba Elkana ya miƙo hannu, ya ce ta uwar yarinya ce, ita ta fi cancanta a ji. Da na san abin da ke ciki da na cusa ta a zani.

Ya sa tabarau ya fara. Inda kika ce kada a binne ta, mata suka yi ta kuka. Da ya zo kan agogon dafa ƙwai, wani a baya ya yi dariya. Da ya zo kan maganar kafaɗa da "kamar tawa", ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Sai ƙanwar mijinki ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To, madalla. Ta samu wata. Mu sai mu rufe tamu."

Baba ya ninke takardar ya ce tsoho mai jikoki ake ajiyewa a jira dangi su taru. Yarinyar da ta riga uwarta, da wuri ake rufe ta, ba a shanya baƙin ciki wata biyu. Na durƙusa masa a gaban mutane da wannan ƙafar tawa. Fasto ma ya sa baki. Da ƙyar ya ce zuwa ƙarshen Afrilu, ba zai ƙara ko yini ba.

Ni ma ba zan ɓoye miki ba, Rosaline, maganar ta soke ni. Ni na riƙe ta tana murƙususu tana cewa, "Mama ta kira?" Na ce layi ne ba kyau. Sannan ki cika mini takarda da labarin 'yar mutane da A da B. Na san ba haka zuciyarki take ba, amma haka ta fito a bakin Baba.

Ki faɗa wa matar nan. Mutum ce, ta san zafin naƙuda.

Ga takardun ƙarshe da kika aiko. A gadon asibiti ta yi su, ta ɗora a kan tiren abinci. Ta ce lallai in aika, kada Tingting ta ɗauka tsoro ta ji.

Yayarki,
Mariya

Deira
13 ga Afrilu, 2012

Yaya Mariya,

Na gaishe ki. Ina fata an yi Ista lafiya. Na gode da durƙuson da kika yi, Allah ya saka miki. Wannan kuma taki ce ke kaɗai, in wani ya miƙo hannu ki jefa ta a murhu.

Sau uku na karanta taki a kan benci a bakin ruwa inda ake hawa kwalekwale. Abin da nake nanata wa yarinyar nan kullum shi ne, amsa tana cikin labarin, kada ki ƙara naki. To a wane layi na ce na samu wata? Ƙanwar mijina sau nawa ta leƙa asibiti? Da sikilar ta fara, ba ita ta ce daga jinin gidanmu abin ya fito ba? Yau ita ce mai tamu. A rumfa kowa ya iya zama uwa.

Bari ki ji irin daɗin da nake ji a nan.

Ina shiga gida Tingting ta hango takardun a jakata ta fizge. "Meri ta aiko! Meri ta aiko!" Ta ɗauko jan biro ta hau kujera ta naɗe ƙafa tana duba amsoshin, ni ina tsaye da tsintsiya. Da ta gama ta buga tebur. "Ayi, ta sake cinye ni! Ku biyun nan cuta kuke yi, ke kike aika mata amsa a ɓoye." Na ce ban aika ba. Ta ce, "Ki gaya mata in na kama ta sai na ja mata kunne." Sai ta kai takardar kusa da ido ta ce, "Me ya sa rubutunta ya karkace haka?" Na ce a mota ta rubuta. Yaya, akwai ɗigon man ja a gefen takardar. Ta ci abinci ranar ke nan? Me ta ci?

Ɗaya kawai Meri ta faɗi. Labarin wata mata ce da take jiran ɗanta a tashar jirgin ƙasa ranar sabuwar shekara, jirgi ya zo ya wuce bai sauko ba. Aka ce yaya matar ta ji. Meri ta zaɓi fushi. A littafin amsa damuwa aka rubuta. Tingting ta ce in bayyana mata bambancin. Na zauna na bayyana mata, da misali, muryata ko rawa ba ta yi ba. Ki gaya mini ko akwai wanda ya yi wannan a rumfa.

Sannan ga jar riga. Madam ta sayo wa kowa a gidan, har maigidan da tumbinsa, ta ce ja ke jawo sa'a, za mu riƙa sawa har a gama jarrabawa. Ta miƙo mini tawa tana murna, "Yalla, Rosa, sa mu gani." Na sa. Ta ce na yi kyau. 'Yata tana kwance cikin sanyi, ni ina yawo kamar mai zuwa biki. Na yagi gefen baƙin ɗankwalina na ɗaura a ƙugu ta ciki, inda ba mai gani. Iyakar makokina ke nan.

Kin ce in faɗa mata. Sau biyu na je ƙofar ɗakinta na dawo. In ta kore ni ta riƙe fasfo, ba Afrilu ba Mayu, na yi biyu babu. Tsakanin ranar Baba da tawa sati biyu ne kacal. Ki sake gwada shi. Ki ce masa 'yar ƙaninsa ce, ba ta taɓa roƙonsa komai ba tana da rai.

Rosaline

Hor Al Anz
24 ga Afrilu, 2012

Yaya Mariya,

Gaisuwa mai yawa. Ban samu wasiƙarki ba, ina fata lafiya. Ina tafe. Ranar biyar ga Mayu zan sauka Kano.

Ba da niyya na faɗa ba. Ranar Lahadi muna kan wani labari na yara biyu masu abota ta wasiƙa, sai Tingting ta ajiye biro ta ce ita ma za ta rubuta wa Meri da hannunta, ta sa hotonta, ta gayyace ta Caina. Ta miƙe ta jingina da bango ta ɗora tafin hannu a kanta ta ce, "Ayi, ni da ita wa ya fi tsawo?" Na buɗe baki in ƙirƙiro wani abu, sai na ji na ce ban sani ba. Ta yi dariya ta ce wace uwa ce ba ta san tsawon 'yarta ba. Shi ke nan, Yaya. Abin ya fito duka, da Hausa ma na fara. Agogon ƙwai yana ta ƙara ba wanda ya kashe shi, shi ya fito da Madam daga ɗaki.

Da ta gane, ta dafe ƙirji. "Tun yaushe?" Na faɗa. Ta ce, "Wata guda kina dafa mana abinci, 'yarki tana cikin firiji? Rosa, kina da hankali?" Ta yi ta dukan kafaɗata tana kuka, kuka na gaske. Ta ce da na faɗa tun ranar, da a ranar ta sa ni a jirgi. Ban san ko gaskiya ba ne. Ita dai ta yarda da abin da ta faɗa.

Tana cikin kukan kuma ta jawo Tingting bayanta. Ta tattara duk takardun da na taɓa ta zuba a baƙar leda, har da na Meri. Na ce waɗannan nawa ne, ta turo mini su da ƙafar kujera. Ta sa yarinyar a ɗaki ta murɗa makulli. Fasfo a kan tebur ta ajiye, da farar ambulan mai kuɗi a ciki, ba ta yarda hannunmu ya haɗu ba. Ta ce maigida zai sayi tikiti ya soke biza, khalas, wato shi ke nan, kada in dawo, ba don ta ƙi ni ba. Ina haɗa kaya tana dafa wani ganye za ta wanke gidan. Tingting tana dukan ƙofa tana kiran Ayi har na shiga lif.

Rabin abin da na ji tsoro ya faru, rabi bai faru ba, kuma na kasa gane wanne ya fi ciwo.

Yanzu ina unguwar Hor Al Anz, a ɗakin wasu 'yan'uwa da muke sujada tare, mu shida, sun ba ni katifa. Sai an gama soke bizar zan iya fita. Jiya da na kira ki na ce ina tafe, kika ce Allah ya kawo ki lafiya, kika yi shiru. Na ce ko layin ne. Kwana biyar kawai zan ɗara wa'adin Baba. Yanzu da ranar a hannu ba zai ƙi ba.

Na sayi farar riga a kasuwar Naif, mai leshi a wuya. Da tsawon Tingting na kwatanta, na ƙara kaɗan, tunda baban Meri dogo ne. Ki nemo mini matsefi da man kitso.

Sai na zo,
Rosaline

Kagoro
20 ga Afrilu, 2012

Rosaline ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mun binne Meri ranar Laraba, kusa da babanta.

Ba Baba ne ya karya alkawari ba. Janareton ɗakin ajiyar ne ya lalace, ga ba wuta a gari. Kwana uku suna cewa mai gyara yana hanya, a na huɗu suka aiko kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ba abin jira ba ne kuma. Kada ki tambaye ni fiye da haka.

Na ce a kira ki. Baba ya ce a ƙyale ki, kina da jarrabawa. Da gatse ya faɗa, mutane suka ji. Amma waya tana hannuna, ba wanda ya ƙwace ta. Ni ce ban kira ba. Na ce in na kira me za ki iya, ke da sai kin buɗe famfo kike kuka? Ko kin samu jirgi a ranar ba za ki tarar ba. Kuma na san in kin kira ni bayan wannan, bakina ba zai iya faɗa ba. Ki yafe mini tun yanzu.

Ba a buɗe akwati a majami'a ba. 'Yan ajinsu sun zo da kayan makaranta sun yi waƙa. Ƙanwar mijinki ta fi kowa kuka, na bar ta da Allah.

Abu ɗaya zan gaya miki. Tun da aka kai ta, duk Asabar ina zuwa in roƙi mai gadin ya jawo mini ita in duba. Asabar ɗin ƙarshe kafin wutar ta lalace na tafi da matsefi na yi mata kitson shuku, don na ga kan ya cukurkuɗe, na ce kada ki zo ki same ta haka. Fuskarta lafiya lau take a ranar. Ni ce ta ƙarshe da na gan ta da kyau.

Taki ta sha uku ga wata ta iso jiya. Ba wanda ya gani. Kunu da ƙosai ta ci ranar, ta cinye biyu.

Mariya

Hor Al Anz
28 ga Afrilu, 2012

Yaya,

Na gaishe ki. Ina lafiya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Yau na je shagon Alhaji Ado auna jakata, har na zaro farar rigar ina nuna masa, sai ya ce af, ga saƙonki ya zo jiya. A tsaye na karanta duk da kin ce in zauna. Bawan Allah ya kori masu ciniki, ya ja ƙofar shago, ya ajiye mini ruwa, ya fita ya tsaya a rana. A nan na yi kukan da ban yi ba tun Maris, ba famfo ba tawul.

Ashe ranar da na buɗe baki a gidan Madam, Meri ta riga ta kwana huɗu a ƙasa. Na rasa aiki, an kulle yarinya a ɗaki tana ihu, duk a kan abin da ya riga ya wuce. Ko za ta ci jarrabawar ko za ta faɗi, ba mai gaya mini. Wa zai gama mata littafin ma ban sani ba, mun tsaya a tsakiya.

Ban yafe wa Baba maganarsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Ke kuwa ba abin yafewa tsakaninmu. Kin yi mata shuku.

Ina nan tafe ranar biyar. Kada ki gaya wa kowa, kada a kafa mini rumfa, ba na son sannu da haƙuri daga bakin da ya yi dariya. Ki tare ni a tasha ke kaɗai, mu wuce wurinta kafin in shiga gidan kowa.

Kuma Yaya, fuskar nan yanzu a wurinki kaɗai take. Ki riƙe mini ita da kyau. Kada ki ba kowa labarinta, kada ta goge da yawan faɗa. In mun zauna a gefen kabarin, sai ki fara mini daga goshi, a hankali, har ki kai haɓa.

Rosaline